Baba Tukuna da Motar Burodi

Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Tukuna ake ce masa, domin da wuya ka yi magana uku da shi bai faɗi kalmar ba. Ka kawo masa mota ka ce fulogi ne, ya ce, "Tsaya tukuna." Ka ce famfon mai ne, wani bakanike ya riga ya gaya maka, ya ce, "To shi ya gyara mana. In ni ka kawo wa, tsaya tukuna." Da furfura ta cika masa kai sai aka ƙara masa Baba a gaba, shi ke nan.

Rumfarsa tana bayan tashar manyan motoci, ƙarƙashin kwano shida da suka yi tsatsa. Rami ɗaya, benci ɗaya, da allon katako inda ya zana siffar kowace sifana da farin fenti, ta yadda in guda ta ɓata gurbinta zai tona asiri. Ya koyi aiki tun zamanin da mutum ke iya zura hannu cikin inji har kafaɗa, a wurin wani maigida da ba ya barin kowa ya kwance ko noti ɗaya sai ya rubuta a takarda abin da yake zato da dalilinsa. Wannan tarbiyya ta bi shi har tsufa. Kullum akwai ɗan littafi a aljihunsa na gaba, da guntun fensir ɗaure da zare, da agogon hannu irin na da, wanda ake murɗawa kowace safiya. Rubutunsa a miƙe yake tsaf, irin na waɗanda suka sha rula a yatsu.

Karatunsa na inji gajere ne. Inji, in ji shi, abu uku yake nema: mai, wuta da iska. In ya mutu, ɗayansu ne bai iso ba, aikin bakanike ya gano wanne ne da abin da ya tare masa hanya. Yana kuma da doka guda da ba ya karyawa ko don wa: motar da ke mutuwa tana tafiya, ba a bincikenta tana tsaye.

Shekara ashirin da biyu shi ke kula da motocin wani gidan burodi da ke bakin gada. Da mai gidan ya tsufa ya miƙa aikin ga ɗan ƙanensa, wanda kowa ke kira Manaja, sai aka kwashe motocin aka kai wani sabon gareji mai ƙasan tayil da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Matar Baba Tukuna ta ce ya je ya gaida tsohon mai gidan ko a tuna da shi. Ya ce ba shi da abin da ya manta a can. Abu ɗaya ne ya rage tsakaninsa da gidan: mijin 'yarsa ta fari, wanda ake kira Dogo, direba ne a wurin. Shi ke ɗaukar doguwar hanya, wadda ke fita gari ta bi ƙauyuka ta dawo bayan sha biyu. Ba wani shiri suke yi da surukin nasa ba. A ganin Baba Tukuna, Dogo ya cika sanyi, irin mutumin da in an taka masa ƙafa shi zai ce a yi haƙuri.

Wata Talata da hantsi yana cikin rami sai ya ga ƙafafun 'yarsa a bakin rumfa. Ba ta saba zuwa wurin aikinsa ba. Ya fito yana goge hannu.

"Baba, an liƙa sunansa a ƙofa."

"Sunan wa?"

"Baban yara. Manaja ya dakatar da shi, wai ran Jumma'a ya zo ya karɓi takardar sallama. Ya rubuta wai yana kashe mota da gangan don an hana shi satar mai. A ƙofa fa, Baba, inda masu sarin burodi ke yin layi."

"Ya sata?"

Ta dube shi, idonta ya kaɗa. "Har da kai?"

"Tambaya na yi, uwata."

"Shekara tara yana jan motar nan. Ko burodin da ya faɗi ƙasa ba ya kawowa gida sai ya tambaya. Wa zai ɗauke shi aiki da wannan suna?"

Baba Tukuna ya rataye sifanar da ke hannunsa a gurbinta. "Turo mini shi."

Dogo ya zo da rana, ya cire hula, ya durƙusa a gefen benci. Surukinsa bai ce masa sannu ba, littafi kawai ya fitar, ya ce ya faɗi yadda abin yake daga farko, kada ya tsallake komai.

Makonni uku da suka wuce an kai motar sabon gareji an yi mata juyen mai. A makon ne kuma Manaja ya sa mai walda ya ƙera wa tankinta murfi na ƙarfe mai kwaɗo, makullin na hannunsa, tunda ita ce ke nisa da idonsa. Daga ranar ta mutu a hanya sau huɗu. A tsakani tana gareji, an sake mata famfon mai har sau biyu, na'ura kuma ta ce lafiyarta ƙalau. Manaja ya ce ai magana a fili take: an rufe tanki, ɓarawo ya ji haushi, yana so a gaji a cire kwaɗon.

"Yaya take mutuwa?" in ji Baba Tukuna. "Farat ɗaya kamar an kashe fitila, ko kamar mai gyangyaɗi?"

"Sai ta fara shaƙewa, Baba. In taka totur ta ƙi amsawa, ta yi tari biyu, ta ce ga garinku."

Tsohon ya rubuta: Ba wuta ba ce, mai ne. "A ina?"

"Kullum wajen hawan nan na bayan layin dogo. Kamar minti arba'in da tashina."

"Tanki cike?"

"Fal. Shi da kansa yake cikawa ya kulle."

"Ta mutu, ka buga ta ƙi tashi, ka kira shi. Ya iso. Me yake fara yi?"

"Faɗa."

"Bayan faɗan."

"Ya buɗe tanki ya zura sanda ya ga ko na zuƙe mai. Ya rufe, ya shiga ya murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Kamar da ni take gaba. Sai ya ce in juya gida, wata motar ta kai burodin."

"Duk sau huɗun haka ya yi? Tanki, sannan makulli?"

Dogo ya ƙirga da yatsu. "Duk huɗun."

Baba Tukuna ya sa shi ya maimaita labarin har sau uku, bai sami inda ya canza ba. Ya rufe littafi ya mayar aljihu.

"Ka gane abin da ke damunta, Baba?"

"Ina da zato. Zato kuwa ba zai cire takarda daga ƙofa ba. Tashi ka tafi gida, kuma ka daina sunkuyar da kai kamar ka ci wani abu."

Washegari ya sa kayan aikinsa wankakku ya tafi gidan burodi da ƙafa. Ya tsaya a ƙofa ya sa tabarau ya karanta takardar daga sama har ƙasa. A farfajiya ana loda faranti cikin motoci, mata masu sari suna layi da kwanduna. Tsofaffin ma'aikata suka gane shi, suna gaishe shi ƙasa-ƙasa suna satar kallon ofis.

Manaja ya fito, farar riga a goge, tarin makullai na rawa a ƙugunsa. Ba mugun mutum ba ne. An taɓa cutarsa a kan mai a farkon zuwansa, tun daga nan tsoron raini ya hana shi sakat.

"Dattijo, in roƙo ka zo yi, ka makara."

"Ban iya roƙo ba, ɗana. Baffanka ya san haka. Mota na zo gani."

"Mota lafiyarta ƙalau. Na'ura ta faɗa."

"Na'urar ta bi ku hanya?"

"Ni da kaina na zagaya da ita, ko tari ba ta yi ba."

"Minti nawa?"

"Goma, sha biyar."

"To." Baba Tukuna ya ɗaga murya kaɗan, daidai yadda na ƙarshen layi za su ji. "Ga abin da na zo da shi. Gobe ƙarfe shida ka cika tanki ka kulle kamar kullum, a yi cikakken lodi, kai ka ja da hannunka. Ni da Dogo muna gefe, ba za mu taɓa komai ba. In ta yi awa ɗaya ba ta mutu ba, zan tsaya a bakin ƙofar nan in ce surukina ɓarawo ne, in je in faɗa wa 'yata da bakina. In ta mutu, ka yi abin da na ce bi da bi, kuma hannun da ya liƙa takardar nan shi zai cire ta."

"Ina da aiki, dattijo. Ba ni da lokacin yawo."

Wata tsohuwa mai sari ta sauke kwandonta. "Manaja, ai kai ba ka da asara. In gaskiyarka ce, tsohon ne zai sha kunya."

Aka yi 'yar dariya a layi. Manaja ya dubi fuskokin ma'aikatansa, ya ga ba hanyar komawa ofis da girmansa. "Ƙarfe shida," ya ce. "In kun makara da minti ɗaya na fasa."

Da yamma labari ya riga shi isa gida. Matarsa ta ajiye masa ruwa da ƙarfi har ya fantsama.

"Malam, in motar ta ƙi mutuwa fa?"

"Sai in faɗa."

"Ka faɗi abin da ka san ƙarya ne a kan uban jikokinka?"

"Za ta mutu."

"Ka duba ta?"

"Ko taɓa ta ban yi ba."

Ta riƙe haɓa tana kallonsa. "Shekara arba'in ina jiran ranar da taurin kan nan zai kai mu ya baro. Ashe gobe ce."

A ransa ya san tana da gaskiya. Daga bakin mutum ɗaya ya ji labarin, bai ga murfin da idonsa ba. In akwai wata 'yar kafa a jikinsa ko da ta bakin allura, zatonsa ya rushe.

Alhamis shida saura kwata suna ƙofa. Manaja ya cika tanki a gabansu, ya danna kwaɗo, ya ce Dogo ya zauna a bakin ƙofa ya ɗora hannayensa a gwiwa inda zai riƙa gani. Baba Tukuna ya zauna a tsakiya, ya cire agogonsa ya riƙe a tafin hannu. Shida daidai suka fita, ƙamshin burodi mai zafi ya cika motar.

Suka wuce gada, suka wuce kasuwa ana buɗe shaguna, gidaje suka fara ƙaranci. Injin yana tafiya sumul. Minti talatin da takwas suka tsallake layin dogo. Suka hau tudun, motar ta haye ba ko gargada. Minti arba'in da biyar Manaja ya fara fito da baki.

"Dattijo, ka shirya abin da za ka gaya wa 'yarka? Ko in taya ka tsarawa?"

"Kalli hanyarka."

Baba Tukuna ya sake duban agogon da ke tafin hannunsa. Sai a lokacin ya lura Manaja lallaɓa mota yake yi kamar mai ɗauke da ƙwai, ba ya taka totur yadda direban da ke bin lokaci zai taka. Ƙarancin gudu, ƙarancin mai. Wannan bai shiga lissafinsa ba. Da ya sani da awa ɗaya da rabi ya ce. Ya dubi Dogo, ya ga zufa na bin wuyansa, hannayensa a gwiwa ko motsi ba sa yi.

Minti hamsin da biyu injin ya yi wani ɗan jinkiri kamar mai tuntuɓe. Fiton Manaja ya tsaya. Ya taka totur, motar ta ƙi amsawa. Ya ƙara takawa har ƙasa. Ta yi tari biyu ta yi shiru, ya gangara da ita gefen titi kusa da wata gona.

Baba Tukuna ya rubuta: Bakwai saura minti takwas.

Manaja ya sauka, hannunsa ya riga ya kai ga makullan ƙugunsa, ya nufi tanki.

"Tsaya tukuna. Koma ka murɗa na inji."

Ya koma ya murɗa. Injin ya yi ta juyi bai kama ba. Ya sake, ya kuma sakewa. Ya juyo ya dubi hannayen Dogo, suna nan inda ya ce a ajiye su.

Baba Tukuna ya ɗauko buhun fulawa wanda ba komai ciki ya shimfiɗa a ƙasa. "Kwanta ka leƙa ƙasan tankin."

"Ni?"

"Bi da bi muka ce."

Manaja ya dubi farar rigarsa, ya dubi tsohon, ya kwanta. Ya daɗe a ƙarƙashi. Da ya fito muryarsa ta sauya. "Ya lotsa. Kamar an naushe shi."

"Ba wanda ya naushe shi. Yanzu buɗe murfinka, amma a hankali, kuma kowa ya yi shiru."

Ya cire kwaɗon ya ja, murfin ya ƙi tasowa kamar ana riƙe da shi ta ciki. Ya sa hannu biyu. Sai tankin ya ja iska da wata doguwar ƙara, suka ji ƙarfen ya buga ya koma daidai. Baba Tukuna ya karɓi murfin ya juya shi. Mai walda ya yi aikinsa da kyau: ya yanko roba mai kauri ya manna a ciki, ko iska ba ta wucewa. Tsohon ya bi wuyan tankin da yatsa har ya taɓo wani siririn bututu, an matse bakinsa an naɗe.

"Wannan fa?"

"Ni na ce a toshe," in ji Manaja. "An ce mini ta nan ma ana iya zuƙa."

"Ta nan ba a zuƙar komai. Ta nan tanki yake numfashi. Ka taɓa shan ruwa a gorar roba ka rufe bakinta duka da leɓenka? Kana zuƙa tana lotsewa, har ruwan ya daina zuwa. Famfo yana jan mai, iska ba ta da hanyar shiga ta maye gurbinsa, sai tanki ya riƙe abinsa. Kai kuma duk zuwanka, kafin komai sai ka buɗe ka duba ko an yi maka sata. Da hannunka kake kashe ta, da hannunka kake tashinta, sannan ka ce da bawan Allahn nan maƙaryaci. Je ka murɗa."

Ta tashi bugu ɗaya.

Manaja ya zauna hannunsa a kan sitiyari, yana kallon gona. Can ya ce, "Wataƙila dace ne."

"To mayar da murfin ka kulle mu ci gaba. Zan rubuta maka lokacin da za ta sake mutuwa, ka riƙe takardar a aljihunka."

Manaja ya dubi agogon mota, ya waiwayi burodin da ke hucewa a baya. "Ba sai mun gwada ba."

Baba Tukuna ya ari filaya daga akwatin motar, ya buɗe bakin bututun, ya hura ya ji iska ta wuce. Aikin bai kai minti biyar ba. Ya ce Dogo ya karɓi sitiyari, mutane na jiran burodinsu. Suka bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, Manaja a tsakiya, injin bai sake ko tari ba. A hanyar dawowa ne ya gyara murya.

"Dogo, gobe ka fito aiki. Magana ta wuce."

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Dogo.

"Ba ta wuce ba," in ji Baba Tukuna. "A ƙofa aka fara ta."

"Dattijo, ina tunanin in dawo maka da motocin nan duka biyar. Ka ga sai mu..."

"Wannan wata magana ce, kada ka haɗa su. Ko ka kawo, ko kada ka kawo, rumfata ba ta tashi ba."

Sun iso masu sarin yamma sun fara layi. Manaja ya sauka ya je ƙofa da sauri, ya fizge takardar ya ninke, ya nufi ofis. Sai ya tarar da tsohon tsaye a bakin ƙofar ofishin, hannu a baya.

"Na cire. Abin da muka ce ke nan."

"Ka cire. Amma mutanen nan kwana uku suna karantawa, wasu sun kai gida. Su ji."

Ma'aikata sun daina lodi. Manaja ya juya, ya yi gyaran murya. "An gano matsalar. Daga mota ne."

"Motar ba ta yi wa kowa laifi ba, ɗana. Shekararta goma sha ɗaya tana bin hanyar nan. Faɗi abin da ka gani a ƙarƙashinta."

Manaja ya matse takardar a hannunsa. Dogo ya matso zai ce a bar maganar haka, surukinsa ya harare shi ya koma baya.

"Murfin da na sa ne ya hana tanki shan iska," in ji Manaja. "Ni na sa a yi shi. Dogo bai ɗauki komai ba, bai kuma yi ƙarya ba."

"Mun ji," in ji tsohuwar nan mai kwando. "Za mu kai inda muka kai waccan."

Manaja ya zare makullin kwaɗon daga ƙugunsa, ya miƙa wa Dogo ya haɗa da na motar. Baba Tukuna ya matsa ya ba shi hanya ya shiga ofishinsa.

Ran Jumma'a ƙarfe shida Dogo ya fita da cikakken lodi, shi kaɗai a mota. Ya dawo ɗaya saura minti ashirin da faranti wayam.